Yadda Lukuman Mai Turka Ya Karɓo Bajiminsa

A duk zuri'ar kakanmu Malam Jalo na Sabon Birni, ta ƙasar Gwarzo, babu wanda Allah ya jarrabta da son ƙiba kamar Lukuman. Ba ƙibar jikinsa ba. Shi kam in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa, kamar sillen kara. Ƙibar dabba ce ciwonsa. Tun yana yaro in aka ba shi ɗan tsako, sai ya ɗaure shi da zare a ƙafar gado ya yi ta ɗura masa tsaki har ya kasa tsallake bakin ƙofa. An taɓa ba shi riƙon tattabara, kafin wata ya zagayo ta manta da tashi, sai dai ta taka kamar agwagwa. Makarantar boko kuwa a aji huɗu suka rabu, ba faɗa ba zagi. Shi dai ya ce malamin ba ya barin mutum ya fita ya ba akuya ruwa.

Da ya girma sai ya kama turkar raguna, sunan ya bi shi har yau. Rago ɗaya tilo yake zaɓa, ya kafa masa turke a inuwa, ya tara masa dusa da ƙowar wake da harawa da ɗan kanwa, ya yi masa wanka da sabulun da shi kansa ba ya samu. Sauran tumakin gidan sai dai su leƙo ta saman danga suna haɗiyar yawu. Ragon Lukuman ba ya zuwa kasuwa da ƙafarsa. A baro ake tura shi, mutum biyu na turawa, na uku na yi masa fifita.

Amma akwai abin da Lukuman bai iya ba. Ranar Layya, da an sauko daga Idi, sai a neme shi a rasa. Gona yake tafiya ya zauna a gindin kuka sai an gama fiɗa. Bai taɓa ɗora wuƙa a wuyan abin da ya kiwata ba. Ko kaza ce, sai dai matarsa Sabuwa ta aika da ita maƙwabta a yanka.

To, wannan mutumin ne gem, wasan nan na na'ura, ya zo ya samu.

A cikin dilar gwanjo gem ɗin ya shigo Gwarzo. Musbahu mai gwanjo ne ya kwance dila ya tarar da wasu 'yan na'urori a cikin tsummokara, kowace kamar sandar sabulun wanki da aka raba biyu, da kaset-kaset ɗinsu da wayoyinsu. Samarin Gwarzo da na Kabo suka wawashe. Lukuman ya ba da zabi biyu ya karɓi tasa. Rubutun ciki babu mai iya karanta shi, wasu suka ce na Sin ne, wasu suka ce na Japan, Musbahu ya ce na aljanu ne a juye. Amma wasan bai buƙaci karatu ba. Wani ɗan mutum ne yake yawo a daji a cikin gilashi, yana kama dodanni yana kiwonsu. Shida ake fita da su. Wanda ya yi faɗa shi ne yake girma. Na wuta yana cin na ganye, na ganye yana cin na ruwa, na ruwa yana kashe na wuta. In aka haɗa na'ura biyu da waya, sai garken wannan ya kara da garken wancan, kuma ta wayar nan ana iya tura dodo daga wannan kaset zuwa wancan. Gilashin ba shi da fitila, sai da rana ake gani, abin da ya ceci gidaje da yawa ke nan.

Da Lukuman ya ji kalmar kiwo, shi ke nan. Ya zaɓi wani dodo mai ƙaho, wuta na fita ta hancinsa, ya raɗa masa Bajimi, ya turke shi. Kowane faɗa Bajimi ne a gaba. Sauran biyar ɗin suna baya kamar 'yan rakiyar amarya, ba su taɓa ganin ko ƙurar faɗa ba. Kowane dodo nau'in duka huɗu yake riƙewa, kuma kowane nau'i yana ƙarewa kamar harsashi, manyan sun fi saurin ƙarewa. Lukuman ya zubar da ƙananan duka gaba ɗaya ya cika Bajimi da manya, don a wurinsa ƙaramin duka raini ne. Bajimi ya yi ƙibar da, in ka ji ta bakin Lukuman, har na'urar ta ƙara nauyi a aljihu.

A lokacin akwai wata ƙa'ida da samari suka kafa, wai ita ci-ka-ɗauka. Wanda ya yi nasara ya zaɓi dodo ɗaya a garken wanda ya faɗi. Da Bajimi Lukuman ya yashe Gwarzo tas. Sai kansa ya yi girma, ya hau keke ya nufi Gude ta ƙasar Kabo, wurin Mahbub tela, ɗan gwaggonsa. Taubasai ne su biyun, tun suna rarrafe kowa ke kiran ɗan'uwansa bawansa, kuma har yau ba a raba gardamar ba.

Mahbub ya jera dodannin ruwa shida, ba masu ƙiba ba, ba ramammu ba. Bajimi ya murƙushe huɗu, kowanne kafin ya faɗi ya watsa masa ruwa. Na biyar ya ƙarasa shi. Sai ga 'yan rakiyar amarya sun fito ɗaya bayan ɗaya, ƙanana kamar ƙwarkwata, Mahbub yana bushe su yana hamma.

"Bawana," in ji Mahbub, "waɗannan marayun fa? Ko ba ka ba su abinci ne? Miƙo wayar. Mai ƙahon nan nake so."

Lukuman yana kallo Bajimi ya shige waya ya ɓace. Daga Gude zuwa Sabon Birni bai hau keken ba, tura shi ya yi. Sabuwa ta ce da ya shigo ta ɗauka rasuwa aka yi, har ta fara neman mayafi.

Ba a daɗe ba aka ƙaddamar da Shari'a a jihar. Gidajen kallo suka shiga taitayinsu, masu karta suka koma dara. Lukuman, wanda bai taɓa kai tambaya gaban malami ba sai ta zakkar tumaki, ya ga wata ƙofa. Ya jira ranar wani suna da dangi suka taru, Mahbub na zaune, ya durƙusa gaban Baffa Abdulmuttalib, ƙanen mahaifinsa, wanda ke koyarwa a Islamiyyar garin.

"Allah gafarta Malam, wai in mutum biyu suka yi wasa, wanda ya ci ya ɗauki abin ɗan'uwansa, mene ne hukuncinsa?"

"Caca ce," in ji Baffa, bai ko ɗago ba. "Me aka ɗauka?"

"Dodo ne, Baffa."

Baffa ya ɗago. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Aka yi masa bayani, aka nuna masa na'urar, ya juya ta gaba da baya.

"Wannan abin da kuke kira dodo, yana cin abinci?"

"Batir yake ci, Baffa."

"To ko batir ne, ko rago ne, abin da aka ci a caca a mayar wa mai shi. Kai ma duk wanda ka ɗauka a hannun mutane ka mayar. Daga yau kuma kar in ƙara jin ci-ka-ɗauka."

Lukuman ya juyo yana murmushi. Mahbub kuwa ya miƙe, ya zaro tasa na'urar daga aljihu, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Na ji na bi, Baffa. Jama'a ku shaida. Bawana ya kasa karɓar abinsa a fili, ya biyo ta zauren malamai. Zo nan, Lukuman, tara hannu biyu. Sadaka ce, ka yi mini addu'a."

Aka kwashe da dariya har mata a cikin gida. Hannun Lukuman ya riga ya kama waya a aljihu, ya sake ta.

"Riƙe sadakarka," ya ce. "Ni na kiwata shi. Ba zan karɓe shi a tafin hannu ba."

"To madalla. Ranar da ka kayar da shi, ka ɗauki abinka, kyauta. In ka kasa, ba na son ko allurarka."

Aka dubi Baffa. Baffa ya ce tunda mai abu ya yafe haƙƙinsa da bakinsa, kuma ba zai ajiye komai a gefensa ba, babu caca a ciki, akwai dai wauta, ita kuma bai ga babinta a littafi ba.

A makon nan Lukuman ya bi samarin Gwarzo gida-gida ya mayar musu da dodanninsu. Sannan ya zauna ya yi abin da kowa ya san zai yi. Ya kama wani dodon ruwa, ya raɗa masa Kogi, ya turke shi.

Zamanin kuwa ba na wasa ba ne. Mai ya yi tsada, taki sai mai uwa a gindin ofis, batir ya zama abin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin matashi. Lukuman yana shanya tsofaffin batira a kan rufin kwano su sha rana, ya sauko da su ya ɗan cije su da haƙori, su ba shi rai na ɗan lokaci. Haƙoransa na gefe har yau akwai shaidar. Haka ya ƙibantar da Kogi, ya hau keke ya koma Gude. Amma Mahbub ma bai yi barci ba. Bajimi ya ƙara ninkewa a hannunsa. Kafin Kogi ya buɗe baki, an riga an kwantar da shi da duka biyu. Lukuman ya dawo, ya ƙara turka, ya koma, aka ƙara kwantar da shi. Har ta kai in ya doso shagon Mahbub, masu zaman benci sai su fara matsawa suna cewa a ba mai ta'aziyya wuri.

Da damina ta kama sai labari ya zo. Mahbub zai yi aure da kaka, kuma uban yarinyar ya ce shi ba ya haɗa zuri'a da mai latsa dodanni. Mahbub ya yi alkawarin washegarin ɗaurin aure zai ba wani direban babbar mota na'urar da kaset ɗinta ya tafi da su Ikko. In Bajimi ya hau motar nan, ya tafi ke nan har abada.

Ranar da Lukuman ya ji, bai ci tuwo ba. Ya zauna a tsakar gida yana kallon ragonsa na turka, rago yana kallonsa, dukansu suna numfashi da ƙyar.

"Baban Humaira," in ji Sabuwa, tana tankaɗe, "wai shi wancan naka na wurin Mahbub, ba ya gajiya ne?"

"Ina zai gaji? Ni fa na kiwata shi."

"Shi ya sa na tambaya. Ni dai duk abin da ka kiwata ban taɓa ganin ya kai bakin titi da ƙafarsa ba."

Maganar ta soki Lukuman. Ya tashi ya saɓi fartanya ya tafi gona don kar a ga fuskarsa.

Gonar ta ƙarasa abin da Sabuwa ta fara. A gefen gabas, inda ya zuba ɗan takin da ya samu gaba ɗaya, dawarsa ta fi ta kowa kauri. A nan ne kuma ƙuduji ya fito, ɗan tsiron nan mai jan fure da bai kai tsawon hannu ba, ya kama saiwar dawar ta ƙarƙashin ƙasa yana tsotsa. Kara mai kaurin dantse ya tsaya yana rawaya, bai san ma me ke cinsa ba. Lukuman ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Masu wucewa suka ɗauka kukan dawarsa yake yi, har wani ya ba shi haƙuri. Shi kuwa wani dodo yake tunowa, ɗan mitsitsi mai ganye a ka, wanda ya sha kamawa yana saki don ba shi da ƙarfin duka. Abin da ya iya kawai shi ne ya tofa wa abokin faɗa iri a jiki, irin ya yi ta tsotsar jini kaɗan-kaɗan har faɗan ya ƙare.

Sai lissafin ya zo masa gaba ɗaya. Bajimi manyan duka kaɗai gare shi, shi da hannunsa ya zubar da ƙananan. Mahbub kuma ba zai taɓa su ba, tunda suna yi masa aiki. Ba a taɓa jan Bajimi faɗa mai tsawo ba, babu wanda ya san ƙarshen harsashinsa sai wanda ya ɗura masa. Ba kayar da shi za a yi ba. Kasuwa za a ja shi da ƙafa.

Daga ranar ya fara haɗa garke, kuma ya sha wuya, don duk abin da aikin ke buƙata ya saɓa wa jininsa. Ya kamo mai ganyen nan ya sa masa Ƙuduji. Ya yi kwanaki yana yawo a wani kogo na cikin gem ɗin kafin ya samu wani mai tofa danƙo, wanda ke ɗaure wa dodo ƙafa ya rage masa sauri. Akwai wani mummuna mai haƙora da ke nutsewa cikin ƙasa duka ya wuce ta samansa, Lukuman ya tsane shi don kamarsa ɗaya da gafiyar da ke yi masa ɓarna a rumbu, amma ya danne zuciya ya ɗauke shi, sunan ma Gafiya ya bar masa. Na huɗu wata dunƙulalliya ce mai kaurin baya, ba ta duka, ba ta gudu, sai dai ta zauna ta sha duka ta kurɓi ruwa jininta ya dawo. Sabuwa ta leƙa ta ce wannan ai Randa ce. Na biyar waƙa yake yi dodo ya yi barci, in an yi sa'a. Shi kuma, Lukuman ya sa masa sunan wani limamin ƙauye mai dogon karatu, Baffa ya ji labari ya aiko, aka mayar da shi Gyangyaɗi. Kogi ya cike na shida.

Kamawar ba ita ce wahala ba, ciyarwar ce. Tunda wanda ya yi faɗa shi ke girma, dole ya sa rarrauna a gaba, ya ɗanɗana faɗan, sannan ya janye shi ya turo wani ya ƙarasa, su raba abin da aka samu. Kullum babban yatsansa sai ya zame ya nufi Kogi, don Kogi zai gama komai da duka ɗaya. Sai ya doke hannun da ɗaya hannun. Sabuwa ta ce ta sha ganinsa a gindin darbejiya yana faɗa da yatsansa kamar mai tsawata wa ɗan maƙwabci. Ba ƙiba yake nema musu ba yanzu. So yake kowanne ya iya shan dukan Bajimi guda ɗaya bai faɗi ba, ko kuma ya riga shi motsi, ya yi ɗan aikinsa kafin a kwashe shi.

Ya gwada su da Musbahu a kasuwar Gwarzo, Musbahu ya cinye shi. Ya gane ya sa Ƙuduji a gaba da wuri, wuta ta lashe shi kafin ya tofa komai. Ya canza jeri, mai danƙo ya koma gaba. Ya sake gwadawa, faɗan ya yi tsawon da Musbahu ya sayar da riga uku a tsakiyarsa.

"Wannan ba faɗa ba ne," in ji Musbahu, "zaman makoki ne."

"Haka nake so," in ji Lukuman.

Sabuwa ta tara ƙwan zabinta ta ba shi ya musanya da sababbin batira, ta ce ba don dodo ba, don ta gaji da dafa tuwon da ba a ci. Ya naɗe su a tsumma ya ɓoye, ya ci gaba da cizon tsofaffi.

Ana gobe ɗaurin aure, bayan azahar, ya jingine kekensa a shagon Mahbub. Dangi sun riga sun cika Gude. Baffa Abdulmuttalib, wanda shi ne zai karɓi auren, ya sa aka kawo masa kujera ya zauna da 'yar rediyonsa a cinya, wai ya zo ne ya tabbatar ba a ajiye komai ba.

"A ba mai ta'aziyya wuri!" in ji masu benci.

"Bawana, ka zo sallama da shi?" in ji Mahbub.

"Na zo. Magana ɗaya. In ka ga abin ya yi zafi, kana iya janye shi ka ɓoye a baya. Ba zan gaya wa amarya ba."

"Ni? In na janye Bajimi a gabanka, ka kira ni bawanka a gaban surukaina."

Abin da Lukuman ya zo ji ke nan. Aka haɗa waya.

Bajimi ya fito ya cika gilashi. Mai danƙo ya sha dukan farko, jininsa ya rage kamar zare, ya tofa danƙonsa, duka na biyu ya kwashe shi. Masu kallo suka yi shewa. Sai ga Ƙuduji.

"Kai, wannan alayyahun fa? Miya za ka yi mana?"

Amma yanzu ƙafar Bajimi a ɗaure take, alayyahu ya riga shi motsi. Ya tofa irinsa, wuta ta cinye shi. Biyu sun tafi, Bajimi ko ƙwarzane babu. Wani tsoho ya tashi ya ce shi ya ga ƙarshen wannan tun bara.

Gyangyaɗi ya fito ya rera waƙarsa, ta kuskure. Ya sha duka ya tsaya da ƙyar, ya sake rerawa, Bajimi ya ɓingire. Yana barci irin yana tsotsa. Da ya farka ya murƙushe mawaƙin, amma layin jininsa ya ɗan motsa, Mahbub ya daina dariya da baki duka, ya koma yi da gefe ɗaya. Gafiya ta fito ta yi ta nutsewa tana ɓullowa, Bajimi yana zuba manyan dukansa a kan ƙasa banza. Sai da ya zubar da mai yawa kafin ya kama ta. Sannan Randa ta zo ta zauna.

Zaman Randa shi ne abin da mutanen Gude ke ba da labarinsa har yau. Wasu sun ce an yi la'asar an dawo tana nan. Wasu sun ce wata akuya ta haihu a bayan shagon, ɗan ya tashi ya yi tafiya, tana nan. A doke ta, ta kurɓi ruwa. A ƙara, ta kurɓa. Mahbub ya latsa babban dukan wuta, na'ura ta yi ƙara ta ƙi. Ya koma na biyu, ta ƙi.

"Me ka yi wa na'urata?"

"Ba na'ura ba ce. Ya gaji. Ba a saba masa da tafiya ba."

Da ragowar harsashinsa na ƙarshe Bajimi ya fasa Randa, don ita ma ruwanta ya ƙare. Saura Kogi shi kaɗai. Bajimi yana tsaye, jininsa ya koma ɗan ɗigo, babu abin da ya rage masa sai tunkuyi da kai kamar tsohon rago. Duka ɗaya ya ishe shi. A daidai nan wani ya nuna na'urar Mahbub.

"Ango, jar fitilarka tana lumshewa. Batirinka zai mutu."

Kowa ya san abin da wannan ke nufi. In na'ura ɗaya ta ɗauke, faɗan ya tashi a banza, kamar ba a yi ba. Gobe aure, jibi Ikko.

Lukuman ya ɗora yatsa a kan madanni. Yatsan ya ƙi. Ga ƙahon da ya sani tun yana ɗan tsiro, ga hancin nan mai wuta yana huci a hankali. Gindin kukar gonarsa ya faɗo masa a rai, ƙafafunsa har sun fara neman hanya.

"Ba zai iya ba," in ji Mahbub, muryarsa ta dawo. "Jama'a, wannan ko kaza ba ya yankawa. Zauna ka yi ta kallonsa, bawana, batir na nan yana aikinsa."

Baffa Abdulmuttalib ya kashe rediyo.

"Lukumanu," ya ce, "in za ka yi, ka yi bisimilla ka yi. Ba a barin dabba tana jira."

Lukuman ya kau da kai ya dubi keken ɗinkin Mahbub, ya ce bisimillahi da ƙarfin da har kajin maƙwabta suka watse, ya danna. Bai ga faɗuwar ba. Ihun mutane ne ya gaya masa. Kafin ihun ya lafa, gilashin Mahbub ya yi fari fat.

Nan gardama ta so tashi, Mahbub ya ce ai ba a gama da sauran garkensa ba. Baffa ya ce alkawari a kan mai ƙaho aka yi, kuma shi da idonsa ya ga mai ƙaho a ƙasa. Ya buɗe bayan rediyonsa ya zazzage batiran ya miƙa wa Mahbub.

"Ku yi sauri ku tura masa abinsa, akwai labarai da nake son ji."

Bajimi ya shige waya ya ɓullo a gilashin Lukuman. Lukuman ya juya baya wai yana gyara sarƙar keke, sarƙar da babu abin da ya same ta. Ya daɗe yana gyarawa. Washegari wurin ɗaurin aure shi ya fi kowa cin goro.

Da ya dawo gida, abin da ya fara yi shi ne ya cire wa Bajimi babban duka ɗaya ya koya masa ƙarami, ya sa shi a ƙarshen layi, bayan Gafiya. A shekarar ma ya tumɓuke turken tsakar gida. Yanzu raguna biyar ko shida yake kiwo a tare, ramammu yake fara kaiwa bakin kwano yana tare manyan da gwiwa, kuma da ƙafarsu suke zuwa kasuwar Gwarzo, yana biye da su yana yi musu faɗa. Baron ya koma ɗaukar taki.

Na'urar ta daɗe da mutuwa. Tana cikin wata kwalla a saman jeren Sabuwa, a naɗe a tsumma, kuma duk wanda ya ce Bajimi ba ya ciki, Lukuman zai miƙa masa ya ce ya ɗaga ya ji nauyi. Ranar Layya kuwa, in kana nemansa bayan an sauko daga Idi, kar ka wahalar da kanka a cikin gari. Ka wuce gindin kuka.